Tambayi Likita: Tafiyar mota zuwa bakin tafkin Titikaka

Tambaya: Likita, daga Anguwar Rogo nake, nan Jos. Ni da abokaina za mu je Peru, mu goya jakunkuna mu hau motar safa daga Lima zuwa Puno, a bakin tafkin Titikaka. An ce tudun wurin na kwantar da baƙi. Ni da aka haifa kan dutse, zai taɓa ni?

Amsa: Ɗan'uwa, Jos mita 1,200 da 'yan kai take sama da teku, Puno kuwa ta kai 3,800. Wannan ciwo na hawa tudu, wanda ƙarancin iska ke jawowa, daga wajen mita 2,500 yake farawa, don haka zama ɗan Jos ba zai fisshe ka ba. Iskar oksijin da numfashi ɗaya ke ba ka a can ba ta kai kashi biyu cikin uku na ta Legas ba.

Motar ce ma ta fi damuna. Lima a bakin teku take. Ka kwana kan kujera ka wayi gari a ƙololuwa, jiki bai sami sararin sabawa ba. Ku ya da zango a Arekipa, mita 2,300, ku yi ko kwana biyu ne. Ciwon kai, tashin zuciya, kasala da rashin barci sukan zo a daren farko. Farasitamol da hutu sun isa, amma kada ku ƙara hawa sai sun lafa. In kuwa mutum yana haki a zaune, ko tari mai kumfa, ko tangaɗi da sambatu, a sauko da shi ƙasa nan take, ko tsakar dare ne. Akwai ƙwayar rigakafin ciwon, acetazolamide, miligiram 125 safe da yamma, ana fara ta ana gobe hawa. Likitanka zai rubuta maka. Tana sa yawan fitsari.

Tambaya: Rukunin jinina AS ne, ban taɓa ciwon sikila ba. Zan iya zuwa? Daga Wuse, Abuja.

Amsa: 'Yar'uwa, kin yi dabara da kika tambaya. Mai AS lafiyarsa ƙalau a gida, amma inda iska ta yi ƙaranci ƙwayoyin jini kan lanƙwashe su toshe jijiyoyin saifa. Alamarsa ciwo mai tsanani a hagu, ƙarƙashin haƙarƙari. Kina ji, ki sauka ki nemi asibiti, ki gaya musu rukuninki. Ki hau a hankali, ki yawaita shan ruwa. Mai SS dai ban yarda ya je ba sam.

Tambaya: An ce shayin ganyen koka na maganin abin.

Amsa: Mutanen can suna sha, za ma a miƙo maka a masauki. Ni ba zan dogara da shi ba. Da ganyen ake yin hodar ibilis, don haka gwajin fitsari kan nuna ta bayan an sha, kuma kada ka kuskura ka zubo ganyen a jaka, jami'an NDLEA na nan a filin jirgin Abuja.