Idan doka ta canza, wacce za ta hau kan takardata?

Malam, ka ce ka ƙera injin busar da albasa nan Sakkwato, kana tsoron ka shigar da takardar neman patent (wato shaidar mallakar abin da ka ƙirƙira) sai a canza doka kafin ta fito. Yawanci ranar da ka fara shigar da takarda ita ake kallo. Dubi Amurka, kafin 16 ga Maris 2013 wanda ya riga ƙirƙiro abu shi ke da shi, daga ranar kuwa sai wanda ya riga kai takarda, amma waɗanda suka shigar kafin nan tsohuwar doka ta ci gaba da binsu, har wanda ya sake shigarwa daga baya yana jingina da tsohuwar takardarsa. Sai dai fa in ya cusa sabon abu ko guda ɗaya, shikenan, sabuwar doka ta hau kan duka.

Mu nan Najeriya har yanzu dokar 1970 ce, wanda ya riga kaiwa shi ke da shi, shekara 20 daga ranar shigarwa. Don Allah daina nuna injin nan a kasuwa tukuna, ka fara kai takardarka rajista Abuja.