Kumburi da haki bayan haihuwa: shin wankan jego ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni magidanci ne a Garwa. Matata ta haihu kwana talatin da suka wuce, kuma tana wankan jego a gidansu. Ƙafafunta sun kumbura, tana haki ko da daga ɗaki zuwa makewayi ne, da dare kuma tari yana hana ta kwanciya sai ta jingina da bango. Surukata ta ce sanyin haihuwa ne, a ƙara wa ruwan zafi, a ƙara kanwa a kunu. Me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya abin da aka samu. Ina roƙonka ka kai ta asibiti yau, kada ka jira a yi arba'in, domin abubuwan da ka lissafa su ne alamomin da muke tsoro a wurin mai jego.

Akwai ciwon da ke kama tsokar zuciya a watan ƙarshe na ciki ko a watannin farko bayan haihuwa. Zuciyar takan buɗe ta yi laushi, ta kasa tura jini da ƙarfinta na da, sai ruwa ya taru a huhu da ƙafafu. Idan mai jegon ta kwanta rigingine ruwan yakan mamaye huhu, shi ya sa take neman bango. Ka danna babban yatsanka a ƙaurinta na ɗan lokaci. Idan ka ɗaga ka ga rami ya zauna, ruwa ne. Ƙarancin jini, hawan jini, ciwon ƙoda ko gudan jini a huhu ma suna iya kawo irin wannan, saboda haka ka nemi a yi mata hoton zuciya, wato ekogarafi, tare da awon jini da na fitsari. A hoton ne likita zai ga kashi nawa na jinin da ke cikin zuciya take fitarwa a kowane bugu, kuma idan ya gaza 45 cikin ɗari alhali ba ta da ciwon zuciya a da, wannan ciwon ake zato.

Maganar wanka da kanwa tana da tarihi. A shekarun 1970, likitoci biyu, Davidson da Parry, sun yi nazari a Zariya, suka ga ciwon yana kama kusan mace ɗaya cikin ɗari da suka haihu, suka danganta shi da wankan ruwan zafi, kwanciya a kan gado mai wuta, da kunun kanwa. A 1992 wani bincike a Yamai ya nuna cewa masu ciwon suna da ƙarancin sinadarin seleniyom a jini. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranci babban bincike a Najeriya, wanda aka buga a 2020, inda rama da hawan jinin masu ciki suka fito cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin. Abin da na ɗauka daga duk wannan shi ne bai dace a ɗora wa surukarka laifi ba, don mata da yawa a Afirka ta Kudu da Haiti suna kamuwa ba su taɓa ganin kanwa ba. Amma kanwa gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, kuma ruwa mai tafasa a zafin Garwa yana tilasta wa zuciya gudu. Zuciyar da ta riga ta gaji ba za ta ɗauki wannan lodin ba. A dakatar da kunun kanwa, a mayar da wankan na ruwa mai ɗumi.

Ciwon yana da magani. Za a ba ta maganin fitar da ruwa kamar furosemid, da waɗanda ke sauƙaƙa wa zuciya aiki, kuma akwai daga cikinsu waɗanda ba sa hana shayarwa. Mata da yawa zuciyarsu tana farfaɗowa cikin wata shida zuwa shekara. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mace ta ga kumburi ya sace bayan mako biyu, ta ajiye magani, sannan a dawo da ita ranga-ranga. Likita ne kaɗai zai ce a tsaya, bayan ya sake hoton.

Naka aikin yana da yawa. Ka je gidan surukanka da kanka, cikin ladabi, ka roƙi Hajiya ta raka ku asibiti ta ji da kunnenta, domin ita ce ke dama kunun. A rage gishiri da dunƙulen magi a miyarta, a ɗauke mata daka da ɗiban ruwa, kuma kada a saya mata maganin ciwon jiki irin su diklofenak ko ibuprofen a tebur. Ku tattauna da likita kan tazarar haihuwa kafin ta dawo ɗakinta, saboda sabon ciki a kan zuciyar da ba ta warke ba yana iya kashe ta. Idan kuma ta suma, ko ta yi tarin kumfa, ko bakinta ya karkace, ko ɓarin jikinta ya mutu, a ɗauke ta zuwa sashen gaggawa ko da tsakar dare ne. Allah ya ba ta lafiya.