Yadda za ki adana kayan gida kafin tafiya hutu a lokacin zafi

Hajiya, kin ce za ki kulle gidanki na Jidda daga Yuni zuwa Agusta, kina tsoron kaya su lalace. A Jidda danshin teku ya fi zafi ɓarna.

Tufafi sai sun bushe sarai kafin ki ninke. Kada ki ɗaure su a leda, gumi zai taru su yi fumfuna. Jakar yadi ta fi. Akwatuna kuma a ɗora su kan katako, nesa da bangon da rana ke duka.

Tukunyar gas ki rufe ta, ki cire kan, ta zauna a inuwa. Batiran rimot ki fitar, don suna yoyo su ci ƙarfen ciki. Waya da kwamfuta a bar su da caji rabi, a kashe. Magunguna ki tafi da su, yawancinsu ba sa jure fiye da digiri 30.

Abin da aka fi mantawa shi ne magudanar banɗaki: ruwan da ke toshe bututu yana ƙafewa, wari da kyankyasai su hau. Ki zuba ruwa da cokali biyu na man girki, ki rufe bakin. Firiji kuma a kwashe, a goge, a bar ƙofarsa a ɗan buɗe.