Amsoshin Wasiƙunku: Adon Gotik na Hannu da Kwalliyar Mawaƙan Rok na Japan

Wasiƙun da suka taru a kan teburinmu a wannan watan sun karkata ne ga irin adon nan na baƙaƙen kaya da ake kira gotik, da kuma kwalliyar mawaƙan rok na ƙasar Japan. Mun zaɓo huɗu daga cikinsu, mun taƙaita tambayoyin domin amsoshin su sami fili.

Tambaya: Ina yawan ganin hotunan wasu mawaƙan Japan masu gashi a tsaitsaye, fuska fari fat da hoda, idanu sun sha kwalli, ga riguna masu leshi da sarƙoƙi. Wasu suna kiran abin gotik, wasu kuma bijuwal-kei. Shin abu ɗaya ne mai suna biyu? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Ƙanwata, abubuwa biyu ne, sai dai sun yi auratayya har ta kai mai kallo daga nesa ba ya iya raba su. Gotik daga Turai ya fito, kuma sunan ya yi doguwar tafiya kafin ya sauka a kan tufafi. Asalinsa sunan wata al'umma ce, Gotawa, waɗanda suka ci birnin Rum da yaƙi a shekarar 410. Bayan ƙarnoni masu yawa, masanan Italiya suka laƙaba wannan suna ga wani salon gini da ya tsiro a Faransa a ƙarni na 12, mai dogayen ƙofofi masu tsini da tagogin gilashi masu launi, domin a ganinsu gini ne na marasa wayewa. Sunan da aka bayar don raini shi ya zauna daram. A ƙarni na 18 marubutan Ingila suka soma rubuta labaran tsofaffin fadoji da kaburbura da duhun dare, aka kira labaran da wannan suna, sannan a ƙarshen shekarun 1970 ƙungiyoyin kiɗa irin su Bauhaus da Siouxsie and the Banshees suka fito a Ingila da waƙoƙi masu ɗauke da kaɗaici da baƙin ciki, masu sauraronsu kuma suka mai da baƙin kaya alamarsu.

Shi kuwa bijuwal-kei ɗan Japan ne gaba da baya, ma'anar sunan kuma ita ce salon da ake yi domin ido. Ya bayyana a shekarun 1980 ta hannun ƙungiyoyi irin su X Japan, wadda Yoshiki da Toshi suka kafa a yankin Chiba a 1982, da Buck-Tick, daga baya Luna Sea ta biyo sahu. Abin da suka ginu a kai shi ne kada abin da ido ya gani a kan dandamali ya gaza abin da kunne ya ji. Saboda haka ba kowane bijuwal-kei ne baƙi ba, har akwai reshensa da ake kira oshare-kei wanda launuka masu haske ne adonsa. Masu nazari da dama suna ganin inuwar wasan kabuki a cikinsa, wato tsohon wasan kwaikwayon Japan wanda a 1629 aka hana mata fitowa a cikinsa, maza suka riƙa shafa farar hoda suna taka rawar mata.

Inda hanyoyin biyu suka haɗu sosai shi ne wurin ƙungiyar Malice Mizer, wadda aka kafa a 1992 ta dakatar da aiki a 2001. Makaɗin jitarta, Mana, ya buɗe kamfanin tufafi mai suna Moi-même-Moitié a 1999, inda ya haɗa baƙi da shuɗi mai duhu da leshi irin na Turawan da. Abin da ya fi taɓa ni a tarihin nan shi ne, masoyan waɗannan mawaƙa ba su jira kanti ba. A wancan lokaci, a ranakun Lahadi sukan taru a kan gadar da ke kusa da tashar jirgin ƙasa ta Harajuku a Tokiyo, da yawansu sanye da kayan da suka ɗinka da hannunsu, kuma mujallar Gothic & Lolita Bible, wadda ta fara fitowa a 2001, ta riƙa haɗawa da takardun yankan ɗinki domin mai karatu ta yi nata a gida.

Tambaya: Na gwada haɗa abin wuya irin mai kama wuyan nan da baƙin leshi da dutse a tsakiya. Kwana biyu kawai leshin ya fara zarewa, dutsen yana juyawa gefe, ga kuma ƙaiƙayi da ƙuraje a bayan wuyana. Ina na yi kuskure? Daga wata mai sha'awar aikin hannu.

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki karaya, domin duk wanda ya taɓa wannan aiki ya bi ta nan. Abin wuyan farko da na haɗa ma bai kai mako ba ya wargaje, kuma dalilin shi ne irin naki: na ɗora wa leshi nauyin da ba zai iya ɗauka ba. Leshi ado ne, ba ginshiƙi ba. Ki samo zirin karammiski mai faɗin santimita ɗaya da rabi zuwa biyu ya zama shi ne kashin bayan aikin, sannan ki ɗinke leshin a kansa da ƙananan ɗinki na hannu, da baƙin zare, ta yadda allurar za ta riƙa bi ta cikin kaurin furannin leshin, ɗinkin ya ɓace. Wajen yanka kuma ki bi gefen fure da ƙaramin almakashi mai tsini, kada ki ratsa tsakiyarsa, domin daga nan zarewa take farawa. Bakunan biyu ki ninke su sau biyu ki ɗinke. Idan zirin na roba ne, kusanta bakinsa da harshen wuta na ɗan lokaci kaɗan yana narkar da shi ya rufe, amma na auduga kamawa yake yi da wuta, don haka ɗinki ko ɗigon gam ne maganinsa.

Juyawar dutse kuwa daga abu biyu take zuwa. Ko dai ba a tsakiya sosai kika rataya shi ba, ko kuma ƙaramin zoben da ya riƙe shi bai rufu daidai ba. Ki ninke zirin gida biyu ki sa alama da alli kafin ki ɗinka komai. Shi kuma ƙaramin zoben, da filaya biyu ake buɗe shi, ɗaya a kowane gefe, a murɗa hannu ɗaya gaba ɗaya baya kamar ana buɗe ƙyaure. Idan aka ja bakunansa dama da hagu, ya bar da'irarsa ke nan har abada. Ki auna wuyanki da zare, ki ƙara santimita ɗaya ko biyu, ki sa guntuwar sarƙa a baya domin sassautawa. In yatsu biyu ba su shiga tsakanin zirin da fata ba, ya matse da yawa, kuma kada a kwana da shi.

Maganar ƙurajen ita ta fi damuna. Tunda a bayan wuya suke, daidai inda maƙallin ƙarfe yake kwanciya, zargina ya fi ƙarfi a kan nikel, wani ƙarfe da ake cakuɗawa a kayan ado masu araha, wanda gumi yake fitar da shi ya shiga fata. Matsalar ta yi yawan da Tarayyar Turai ta kafa doka a kanta a 1994, ta ƙayyade cewa duk abin da zai daɗe a jikin fata kada ya saki fiye da rabin maikurogiram na nikel a kowane murabba'in santimita cikin mako guda. Fatar da ta riga ta ƙi nikel ba ta cika mantawa ba, don haka ki nemi maƙalli na taitaniyam ko na azurfa mai hatimin 925, ko kuma, wanda na fi so, ki bar ƙarfen gaba ɗaya ki ɗaure da siririn ziri a baya, ya fi kyau ma a ido. Idan ƙurajen suna ruwa ko sun ƙi lafawa bayan kin cire abin wuyan, ki ga likitan fata.

Bari in ƙara miki da abin da ba ki tambaya ba, game da baƙin dutse. Wannan ado ya gaji abubuwa da yawa daga kayan makokin Ingila na ƙarni na 19. Da Yarima Albat ya rasu a 1861, Sarauniya Biktoriya ta riƙe baƙin kaya har mutuwarta a 1901, sai kasuwar wani baƙin dutse da ake haƙowa a garin Whitby ta buɗe. Dutsen nan tsohon itace ne da ya daskare a ƙarƙashin ƙasa shekaru miliyoyi, shi ya sa ba shi da nauyi, kuma ba ya sanyi a hannu kamar gilashi. Tun a wancan zamani waɗanda ba su da halin sayensa baƙin gilashi suke sawa, don haka babu abin kunya a duwatsun gilashi. Idan kuma kina son azurfarki ta yi duhu irin na tsohon kaya, ki dafa ƙwai ya yi tauri, ki farfasa shi da zafinsa, ki rufe shi a leda tare da azurfar ba tare da sun taɓa juna ba. Tururin farar wutar da ke cikin gwaiduwar zai baƙanta ta, sai ki goge tudun zanen da ƙyalle, duhun ya tsaya a cikin kwarin.

Tambaya: Ni baƙa ce, kuma duk hotunan da nake gani fararen fuskoki ne. Shin sai na yi haske kafin wannan kwalliya ta karɓe ni? Kuma ina son saka gilashin nan na cikin ido mai canza launi. Daga wata budurwa.

Amsa: A'a, ƙanwata, kuma ina roƙonki kada ki kusanci man bilicin da wannan dalili, domin da yawa daga cikinsu suna ɗauke da sinadarai masu sirantar da fata, wasu ma har da makuri, wato zaiba, mai lahanta ƙoda. Farin da kike gani a fuskar mawaƙan fenti ne na dandamali da ake wankewa bayan wasa, kuma ko a Japan an sha wahalarsa, domin tsohuwar farar hodar 'yan kabuki tana da dalma a ciki, ta kwantar da 'yan wasa ciwo kafin a hana yin ta.

Ƙarfin wannan kwalliya yana wurin ido ne da kaifin zane. Ki shafa hoda daidai launin fatarki, marar sheƙi. Ki zagaye ido da baƙin fensir sama da ƙasa, ki baje shi da ƙaramin buroshi kafin ya bushe, ki ja wutsiyarsa zuwa gefen fuska. A kan baƙar fata, baƙi shi kaɗai yakan nutse, saboda haka ki ba shi abokin tafiya: ja mai duhu ko shunayya a saman fatar ido, da ɗigon ruwan azurfa a lungun ido ta wajen hanci. Siririn layin fari ko na azurfa a ƙarƙashin baƙin yana fitowa a fuskarki fiye da yadda zai fito a farar fuska, wannan kuwa riba ce taki. Gira ba sai an aske ta ba, ana kwantar da ita da gam ɗin takarda na sanda mai wankuwa da ruwa, a rufe da hoda, a zana sabuwa siririya da jagira. Janbaki mai duhu ya rufe aikin. Gashi kuma, hular gashi ta fi rina naki da sinadarin da zai karya shi.

Gilashin cikin ido kayan asibiti ne ko da na ado ne. Japan da kanta ta shigar da shi ƙarƙashin dokar kayan kiwon lafiya a 2009 bayan an samu masu raunukan ido. Sai likitan ido ya auna ki, kada ki ari na wata, kada ki wanke shi da ruwan famfo, kada ki yi barci da shi.

Tambaya: 'Yata ta fara haɗa irin waɗannan kayan ado, kuma a hotunan da take kwaikwayo ina ganin gicciye da ƙoƙon kan mutum. Hankalina bai kwanta ba. Shin wani addini ne ko ƙungiyar asiri? Daga wani mahaifi.

Amsa: Baba, damuwarku tana kan hanya, kuma kun kyauta da kuka tambaya kafin ku yanke hukunci. Wannan ado ba shi da shugaba, ba shi da rantsuwar shiga, ba shi da aƙidar da ake karantarwa. A Japan Kiristoci ba su wuce kimanin kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma yawancin masu rataya gicciye a can suna ɗaukarsa ne a matsayin zane daga tsofaffin gine-ginen Turai. Ƙoƙon kai kuwa ya fito ne daga tsohuwar al'adar Turawa ta sanya abin da zai riƙa tuna musu da mutuwa. Duk da haka ba zan ɓoye muku ba, akwai ƙungiyoyin kiɗan da suke amfani da hotunan jini da kalmomi masu tayar da hankali, waɗanda ban ga dacewarsu da yarinya ƙarama ba, kuma alama tana da ma'ana ga mai imani ko da wanda ya ƙera ta bai nufi komai ba.

Shawarata ita ce ku zauna da ita ta nuna muku abin da take haɗawa da abin da take sauraro, ku faɗa mata a fili alamomin da ba ku yarda da su a gidanku ba da dalilinku. Adon ba zai ragu da komai ba idan an cire su, domin furen wardi, da tsohon mabuɗi, da agogon aljihu, da malam-buɗe-littafi, da zanen taga mai tsini duk na cikin gidan gotik ne. Ku kuma lura da ita kanta fiye da launin rigarta: idan tana ci, tana barci, tana hira da ƙawayenta, karatunta bai ja baya ba, baƙin leshi ba abin tsoro ba ne, amma idan ta janye jiki daga mutane ko kun ga rauni a hannunta, wannan magana ce ta likita ko da fararen kaya take sawa. In kuma kun ga hannunta ya faɗa a ɗinkin, ku saya mata filaya biyu da almakashi mai kyau.