Kar ka tura wa Hajiya lissafin layif ban tukuna

Ƙanena na ga saƙonka tun jiya da daddare, maganar ce ba ta layi biyu ba shi ya sa na bari sai yau. Ka ce Hajiya uwar amarya tana so a kawo mata layif ban, wato makaɗa masu kiɗa kai tsaye, ranar dina, ba DJ kawai ba, ta ce ka faɗa mata nawa za ta ware, kai kuma ka samu wasu yara a Instagram sun yanka maka kuɗi, kana tambaya ko ka tura mata wannan kuɗin a matsayin lissafi. Kar ka tura. Abin da mai ban ya faɗa maka a waya kuɗin zuwansa ne shi da yaransa, bai haɗa da abin da zai kai sautin kunnen mutane ba, kuma wannan ɗin shi yake cin kuɗi. Kamar doki ne, sayensa daban harawarsa daban. In ka tura mata yau ta riƙe wannan adadin a ranta, duk abin da ka zo da shi daga baya gani za ta yi ƙari kake mata.

Fara komawa wajenta ka ji me take nufi da layif ban ɗin ma, don mutanenmu abu wajen huɗu suke kira da wannan sunan. Akwai mawaƙin da zai zo da filashi a aljihu ya miƙa wa DJ, a saki waƙarsa shi kuma ya riƙe makirfo yana bi a kai, wannan mutum ɗaya ne da yaransa biyu ko uku, ba ban ba ne ko da kuwa sunansa ya cika gari. Akwai ban na gaske, mai kibod, mai jita, mai bes, mai ganga, mawaƙi da 'yan amshi, komai a gabanka ake kaɗa shi. Akwai ban ɗin 'yan sanda da manya suka saba ɗauka tun da daɗewa. Sannan ga namu na gargajiya, 'yan kalangu, masu kiɗan ƙwarya, 'yan asharalle irin na Katsina. Kowanne kuɗinsa daban, kayan da yake buƙata daban, wajen da yake kyau ma daban. Sau da yawa in ka zauna da uwar amarya sosai sai ka gane ita abin da ke ranta shi ne a kira sunanta da na ƙawayenta a wasa su su taso su taka, toh wannan ai mai kalangu ko ƙwarya a wajen wuni ya fi kowa iya shi, kuma ba ya buƙatar rabin kayan da ban zai nema. Amarya da ƙawayenta kuma waƙoƙin da suke ji a waya suke so. Ka tambaya su waye za su cika hol ɗin. In dangin ango 'yan Barno ne wataƙila ganga kura ce a ransu, in akwai baƙi daga kudu sai ka nemi ban da ya iya juyawa ya ba su nasu ko na minti ashirin ne, mutum ya taso daga Legas ko Inugu bai kamata ya zauna har a tashi bai ji abin da zai motsa shi ba.

Kuma tun kafin ka karɓi ko sisi ka tabbatar Alhaji ya san da maganar. Akwai gidajen da uwa take so uba ba ya so, in ka ba da kafin alƙalami sannan aka ce ba za a yi kiɗa ba kai za a bari da rigima da makaɗa. Ka tambayi manajan hol ɗin ma dokar da ake kai yanzu, ka san nan Kano akwai Hisbah akwai hukumar tace finafinai, ko a 2025 sai da aka hana bikin ƙauyawa, su masu hol su suka fi kowa sanin abin da aka yarda da shi da ƙarfe nawa ake rufewa.

Zaɓen kuma da ƙafarka ake yi. Bidiyon da suke sakawa an kai shi situdiyo an gyara murya an ɗora, ba ya gaya maka komai. Ka ce su faɗa maka inda suke da wasa a satin nan ka je ka tsaya, kar ka tsaya a gaba, can baya wajen ƙofa inda masu raba abinci suke wucewa, in daga nan kana jin kalmomin mawaƙin ɗaya bayan ɗaya toh sun san aikinsu. Ka kalli hannun mai ganga, abin da yake bugawa shi kake ji ko kuwa akwai wani kiɗa da ke tafiya a ƙarƙashi daga kwamfuta su suna motsa hannu kawai? Hanya mafi sauƙi da za ka gane ita ce lokacin da MC ya katse su a tsakiyar waƙa, ban na gaske zai sauko a hankali mai kibod ya ci gaba da ɗan taɓawa ƙasa ƙasa har a gama magana sannan su ɗauka daga inda suka tsaya, na filashi kuwa ɗif za ka ji, sai an sake daga farko. Ka lura da tsakanin waƙa da waƙa, suna shiga wata kai tsaye ko sai sun tsaya suna shawara mutane sun koma kujera. Ka ga yadda suke yi in dattijo ya karɓi makirfo zai yi addu'a. Sannan abin da ni na fi kula da shi, ɗabi'arsu da baƙi. Wasa mutum daban, bin mutum tebur tebur ana tsaya masa a ka har sai ya zaro kuɗi don kunya daban. Baƙin Hajiya ne, mutuncinta ne a wajen, kuma kai ka kawo su.

In sun yi maka, ka tambayi mai ban ɗin ido da ido, ranar nan wasa nawa gare ka? Lokacin da biki ya yi yawa, watan Sha'aban kafin azumi, bayan sallah, da Disamba, wasu suna karɓar wuri biyu ko uku a dare ɗaya, su raba yara, wanda ka ji muryarsa ka so ya leƙo na rabin awa ya wuce. Sai ka rubuta sunan wanda zai yi waƙar da adadin mutanen da za su hau sitej. A irin waɗannan watannin kuma in ba ka kama su da wata biyu ba sai dai ka samu ragowa.

Yanzu lissafi. Tambayar farko, wa zai kawo kayan sauti? Kar ka ɗauka na DJ zai isa, DJ makirfo biyu da sifika sun ishe shi, ban mai mutum takwas kuwa ganga kaɗai tana cin makirfo huɗu ko biyar, ga kibod ga jita ga bes ga 'yan amshi, mikisa, wato na'urar da ke haɗa sautukan, mai layi 16 ita ce ƙarama da za ka yarda da ita, sannan dole a sa musu monita, wato sifika mai fuskantarsu, a gabansu don su ji kansu, in ba sa jin kansu mawaƙi zai yi gabas mai kibod ya yi yamma kuma ba laifinsu ba ne. Sai mai zama a kan mikisa daga farko har ƙarshe, wanda ya iya, shi ma kuɗinsa daban. In ban ɗin suna da kayansu ya fi, sun saba da abinsu, amma ka ji a bakinsu cewa yana cikin kuɗin. In hayowa za a yi ka haɗa mai kayan da mai ban su yi magana da juna tun da sati ɗaya.

Sai wuta. Kar ka dogara da NEPA ko na minti ɗaya, kuma kar ka yarda a haɗa kayan sauti a layi ɗaya da AC da firjin lemo, duk sanda AC ya ɗauka wuta takan yi ƙasa, sai ka ji sifika ta yi gurnani ko mikisa ta mutu ta sake tashi ana tsakiyar shigowar amarya. Ka nemi janareta na sauti shi kaɗai. Ka sani wanda aka rubuta 10 KVA a jikinsa abin da zai ba ka bai wuce wajen kilowat 8 ba, wannan ma in lafiyarsa ƙalau, don haka ka tambayi mai kayan nawa kayansa suke ja ka ɗauki wanda ya fi haka. A ajiye shi nesa da ƙofa da waya mai kauri. Mai kuma tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023 ya zama babban layi a lissafi, ba abin da za ka ce a gani a ranar ba ne. Ka lissafa daga lokacin gwajin kaya, in dina awa huɗu ce injin zai yi awa bakwai yana aiki, don ban na buƙatar aƙalla awa biyu su jera kaya su gwada kafin baƙo na farko ya shigo. Ka sayi man da kanka a jarka ka ajiye ƙari.

Ragowar ƙanana ne amma su suke tara kuɗi, motar da za ta kwaso su da kaya ta mayar, abinci da ruwa na kowa har masu ɗaukar kaya, a ba su tun kafin a fara don mai busa ko mai waƙa ba ya aiki da yunwa. In daga Kaduna ko Jos ko Abuja za su zo ka sa kuɗin masauki, ni ba na yarda kowa ya hau hanya da tsakar dare saboda bikin da na shirya. In a fili ne kuma damina ce sai rumfa mai kyau a kan sitej da mikisa, su 'yan kalangu ma danshi yana sa fatar ta saki.

Ni yadda nake yi, a ce miliyan ɗaya aka ware wa kiɗa, ba na barin kuɗin ban ɗin kansa ya wuce rabi. Wajen dubu 250 na sauti da wuta, dubu 150 mota da abinci da sauran su, dubu 100 kuma in ajiye ba na taɓawa sai ranar, don kusan kullum sai wani abu ya taso. In ban ɗin da kake so shi kaɗai ya cinye dubu 800 toh ba na wannan bikin ba ne, ko Hajiya ta ƙara ko a sauka.

Maganar liƙi kuma ka zauna a kanta sosai, nan ne ake ɓatawa. Makaɗa da yawa, musamman na gargajiya, suna sassauta kuɗi ne saboda suna sa ran abin da za a liƙa ya fi wanda aka biya su. Toh na waye? Wanda aka zuba lokacin da ango da amarya suke fili na amarya ne, ƙawayenta ko wanda gida suka sa shi zai kwashe. Wanda mawaƙi ya wasa mutum ya taso ya ba shi, na ban ne. MC shi ma yana da nasa lokacin. In ba a faɗi wannan a gaban kowa tun kafin ranar ba, za ka ga yaran ban da ƙawayen amarya suna rige-rigen tsintar kuɗi a gaban surukai, abin ba daɗin gani. Sannan ka tuna akwai doka, sashe na 21 na dokar Babban Banki ta 2007 ya hana watsa naira da taka ta a wajen biki, hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla naira dubu 50 ko duka biyun, kuma daga 2024 EFCC ta kai mutane kotu a kan haka, ga kowa da waya a hannu yana ɗauka. Ka sa kwando ko tire mai kyau a gaban ango da amarya, wani a gaban ban, MC ya sanar a saka a ciki. Lambar akawun ma a rubuta, tun wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023 mutane sun saba da tiransifa a wajen biki. In kuma gidan sun ce sam ba sa son liƙi, ka gaya wa mai ban tun farko, zai ƙara kuɗi kuma yana da gaskiya, kar ka ɓoye masa don ka samu sauƙi, haƙƙinsa ne.

Kafin alƙalami rabi nake bayarwa, cikon kuma sai sun iso sun jera kaya, kuma a ranar nake biya ba na cewa a zo gobe. Komai a rubuce, ko a WhatsApp ne ya amsa da "na yarda": rana, wuri, ƙarfe nawa za su iso, awa nawa za su yi, nawa ne kuɗin ƙarin awa ɗaya, me zai faru da kuɗin in an ɗaga biki ko su suka fasa. Wannan na ƙarin awa kar ka manta shi, ka san amarya in ta shiga wajen kwalliya dinar ƙarfe takwas sai ta kai goma, su kuma tun shida suna zaune. Ka tsara da MC inda za a tsaya don sallah, kuma ka riƙe DJ ko da ƙarami ne, ban ba ya awa huɗu a tsaye, suna yin minti arba'in su huta shi ya cike gurbin.

In ka gama lissafin ka ga kuɗin Hajiya ba zai ɗauki ban mai kyau da sauti mai kyau ba, ka gaya mata gaskiya cikin ladabi, araha ba ta ado. DJ mai kyau a dina da 'yan kalangu na awa ɗaya a wuni zai fi faranta mata rai a kan ban mai arha da sifika biyu suna ƙara. Ka kira ta yau ka ji wane iri take so da ko Alhaji ya amince, ka tambayi yaran nan inda suke da wasa ranar Asabar, in na samu sarari sai mu je tare, sannan mu zauna a shago mu fitar mata da lissafin gaba ɗaya a takarda guda.