Bidiyon kiɗan na'ura wanda ba mutum ba labari: a saya ko a bari?

Tambaya: Salam malam. Wani mai sayar da tsofaffin faifai ne ya nuna min DVD na bidiyoyin kiɗan na'ura, irin wanda ba mawaƙi ba 'yan rawa, sai layuka da launuka suna ta juyi. Ina son kiɗan kam, amma anya ba asarar kuɗi ba ce tunda akwai su a YouTube?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin ka ciro ko sisi ka sa ya kunna maka, ka zuba ido ka ga ko hoton yana bin kiɗan ne ko kuwa gaban kansa kawai yake. Nan maganar take.

Don akwai waɗanda zama aka yi aka gina su a kan sautin, daƙiƙa bayan daƙiƙa. Misalin da nake yawan ba mutane shi ne bidiyon Gantz Graf na Autechre, wasu makaɗan na'ura biyu 'yan Ingila, wanda Alex Rutterford ya haɗa hotonsa, kamfanin Warp ya fitar a 2002. Kusan minti 4 ne kacal, wani abu ne a tsakiyar allo da ba za ka iya ce masa ga sunansa ba, yana juyawa yana tarwatsewa yana sake haɗuwa, kowace ƙara da kunnenka ya ji sai idonka ya ga inda ta taɓa shi, har kiɗan da da kake jinsa kamar injin markaɗe ya lalace ka fara gane ashe da tsari a cikinsa. Irin wannan kam ko ni zan biya. Kuma ba yau aka fara ba, Oskar Fischinger Bajamushe tun shekarun 1920 zuwa 1930 yake zana siffofi da hannu suna rawa da kiɗa.

Sauran kuwa, launuka ne kawai suna narkewa, ka ɗora musu kowane kiɗa za su zauna. Wannan ai MilkDrop na manhajar kunna kiɗa ta Winamp ya daɗe yana yi a kwamfuta tun 2001, kyauta, kuma kullum sabon zane. Kar ka saya.

Batun YouTube kuma, kana da gaskiya amma rabi. Yadda ake matse bidiyo shi ne a adana abin da ya canza kawai tsakanin hoto da na gabansa, fuskar mutum yana magana ba matsala, to shi wannan komai na canzawa ne lokaci guda, da netwok ya ɗan yi rauni sai ka ga siraran layukan nan sun koma dishi-dishi, baƙin allon ya yi murabba'i-murabba'i kamar tabarma. Faifai ba ruwansa da netwok, ba cin data, ba ranar da za ka nema ka tarar an goge. Sai dai shi ma kar a zuga ka, hoton DVD na Turai ɗigo 720 ne a faɗi, 576 a tsayi, a babbar talabijin ta yanzu zai ɗan yi laushi.

Ka gwada shi a irin na'urarka, don an raba faifan DVD yanki-yanki, na Turai yanki na 2 ne, Najeriya na 5, wata na'urar sai ta ƙi karanta shi. Ka juya bayansa a haske ka duba karce. In kuma akwai mai farfaɗiya a gida kar ka kunna a gabansa, walƙiyar tana iya tayar da ita.