Daga rubuta labarin wasanni zuwa gabatar da shiri

Ɗan'uwa, ka tambaya ko wanda ya saba rubuta labarin wasanni a jarida irin su Le Sahel zai iya komawa gabatar da shiri a rediyo ko talabijin a nan Yamai. Zai iya, har ma yakan fi wanda ya shigo da daɗin murya kawai, domin ya riga ya san yadda ake tantance labari kafin a fitar da shi, ya kuma san 'yan wasa da masu horar da su.

Sharaɗin shi ne ya sake koyon magana saboda mai sauraro. Abin da na gani a aikin nan shi ne, jimlar da ta yi kyau a takarda da Faransanci takan sarƙe a baki, musamman a gasar kokowa ta takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, inda manomi da rediyonsa yake jiran sunan ɗan kokowa, da jiharsa, da yadda aka kayar da abokin karawarsa, cikin Hausa ko Zabarmanci nan take. Ka fara da gajeren sharhin bayan wasa, kana naɗar muryarka kana saurare, kafin ka nemi shirin kanka a Muryar Sahel.